Goyo a baya, kaya a ka: jaririn da ya ƙi fida a Zangunan Akara

Tun duhun asuba motocin doya ke shigowa kasuwar Agbogbloshie daga arewacin Gana, kuma kafin direba ya kashe inji 'yan matan kayaye sun riga sun kewaye motar, kowacce da tasarta a hannu. Sunan da ake kiransu da shi rabinsa namu ne. Kaya Hausa ce, ƙarshen kalmar kuma daga harshen Ga aka ɗauko shi, yana nufin mata. Akasarinsu daga yankunan Tamale da Yendi da Walewale suka gangaro, Dagombawa da Mamprusawa da makwabtansu, suna kwana a ɗakunan katako na Old Fadama, a bakin kogin Odaw, su wuni suna dako.

Duk wanda ya tsaya ya lura zai ga masu goyo a cikinsu. An jibga mata doya a tasa, mutum biyu sun ɗora mata a ka, kan jaririn kuma yana lilo a bayanta, ƙarƙashin nauyin da ko ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. In ya yi kuka tana tafe, sai dai ta riƙa bubbuga shi da hannu ɗaya har ta kai mai kayan tashar mota. A can ne za ta sauke, ta zauna a cikin tasar, ta juyo da shi gaba ta ba shi nono, idonta na neman mai kaya na gaba. Ka tambaye ta me ya sa ba ta bar shi a gida ba, amsar ɗaya ce: ba ya karɓar komai sai nono.

Wannan magana ba ta kayaye kaɗai ba ce. Ita ce a bakin tela a Nima, da mai sayar da wake da shinkafa a Maamobi, da malamar makaranta a Sabon Zango. Ni ma a cikin danginmu na fara jin nauyinta.

Kwana uku na kuka

Ƙanwata ma'aikaciyar ofis ce, tana aure a Maamobi. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun mako 12 da cikakken albashi, a ƙara mata mako biyu in tagwaye ne ko haihuwar ta zo da matsala, sannan awa ɗaya kullum a lokacin aiki domin shayarwa. A takarda abin yana da kyau. Amma mako 12 wata uku ne ba cikakku ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa take a ba jariri nono zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa masa. Awa ɗayan nan kuma, wadda ta san cunkoson motoci a Akara ta san ba ta isa zuwa gida, balle dawowa.

Saura mako ɗaya ta koma aiki ta sayo fida, abin da iyayenmu ke kira bulumboti, ta tatsi nono ta zuba. Yaron ya ɗanɗana robar, ya turo ta da harshe, ya banƙare. Ta sake sayo wata mai laushi, ya ƙi. Aka ce a bar shi da yunwa, zai karɓa dole. Aka bar shi, ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya yi barcin wahala bai sha ba. Rana ta uku ta kira ni ita ma tana kuka.

“Yaya, ko dai in ajiye aikin nan?”

Surukarta, Hajiya, wadda za ta riƙa zama da yaron, tana da nata maganin. “Ke 'yar nan, ki kawo shi in yi masa ɗura. Duk 'ya'yan gidan nan da ita suka tashi, har da mijinki.” Ba mugunta ba ce. Tausayin jikanta ne ya sa ta faɗi haka, kuma abin da ta gada ke nan.

Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne yaron ba taurin kai yake yi ba. Tsotson nono da tsotson roba ayyuka ne daban. A jikin uwa jariri buɗe baki yake sosai, ya cika shi da nono, ya yi aiki da harshe da muƙamuƙi kafin ruwan ya sauko, da ɗuminsa, da ƙamshin da ya sani tun ranar haihuwa. Roba kuwa tauri gare ta da wani wari, kuma ana kifa ta take zubowa, ko ya shirya ko bai shirya ba. Jariri sabon haihuwa duk abin da ya taɓa dasashinsa tsotsa yake ba da saninsa ba, amma daga wajen wata biyu zuwa huɗu wannan ɗabi'a takan ragu, tsotso ya koma abin da yake yi in ya ga dama. Wato daidai lokacin da hutun uwa ke ƙarewa, lokacin ne yaro ya fara iya cewa a'a.

Tarihin da ke bayan kwalba

Mutanen Akara suna da dalilin da ya fi na kowa na yin hattara da abin da ke maye gurbin nono. A asibitin yara na Princess Marie Louise, wanda ke tsakiyar birnin tun 1926, wata likita 'yar asalin Jamaika mai suna Cicely Williams ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa da jan gashi da salewar fata. Ta yi rubutu a kansu a 1933, a 1935 kuma ta shigar da sunan cutar cikin littattafan likitanci kamar yadda ta ji shi a bakin mutanen Ga: kwashiorkor, ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Yaran nan an yaye su ne a kan kokon masara tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki. Da aka mayar da ita Malaya ta tarar da wata masifar, jarirai na mutuwa saboda an ruɗi iyayensu da madarar gwangwani, har ta yi wani jawabi mai zafi a Singafo a 1939 inda ta kwatanta abin da kisan kai.

Sai a 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar tallata madarar jarirai. Gana ta mayar da ita doka a 2000, wadda ta hana tallata madarar jarirai da fida da robar tsotso, kuma Hukumar Abinci da Magunguna ce ke sa ido. Duk da haka alƙaluman ƙasar hawa da sauka suke yi. A binciken lafiya na 2008, kashi 63 cikin ɗari na jarirai 'yan ƙasa da wata shida nono zalla suke sha. A 2014 ya faɗo 52, ya ƙara faɗuwa zuwa 43 a binciken 2017 da 2018, sannan ya ɗago zuwa 53 a 2022. A ganina ba jahilci ne babban dalili ba. Kusan duk matar da ta je awo ta ji huɗubar wata shida har ta haddace. Abin da ba a cika zama a nuna mata ba shi ne yadda za ta yi ranar da dole ta fita ta bar yaron.

Ita kwalbar kanta ba laifi ba ce a gidan da famfo ke zuba, wuta ba ta ɗaukewa, akwai kuma gas na tafasa ruwa. Amma a duba inda muke magana. A Old Fadama da lungunan Nima sayen ruwa ake yi, a bokiti ko a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor. Wanka a gidan wanka na kuɗi ake yi. Fida tana da wuya da zare da roba mai lunguna inda madara ke maƙalewa, dole a wanke ta da buroshi a kuma tafasa ta, sau da yawa a rana, da gawayin da shi ma sayensa ake yi. Wadda ta gaji sai ta ɗauraye kawai. Da zafin Akara, guntun madarar da ya wuni a cikin roba ya zama gonar ƙwayoyin cuta, kuma daga nan gudawa ke farawa. Ba a manta 2014 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Gana, ta kashe 243, akasari a Akara da kewayenta.

Ga kuma kuɗi. Jaririn da ba ya shan nono yana bukatar kimanin kilo 20 na garin madara a wata shidan farko, wato gwangwani 40 masu nauyin rabin kilo. 'Yar dako ba ta da wannan. Abin da kan biyo baya shi ne a rage cokali a ƙara ruwa don gwangwanin ya daɗe, ko a koma madarar shayi, ko a faɗaɗa hujin robar da allura a ɗura koko. Yaro ya sha ya ƙoshi, yana ramewa.

Kofi, da hannun da ke riƙe da shi

Wata nas ce a wurin awo ta warware mana matsalar ɗan ƙanwata, dattijuwa mai sanyin murya. Ta saurari ƙanwata har ta gama, sannan ta ce, “Maman yaro, ki bar fidar nan. Gobe ki zo da kakarsa, ku taho da ƙaramin kofi.”

Na bi su, kuma abin da na gani ya fi duk bayanin da na taɓa karantawa. Ta sa ƙanwata ta wanke hannu da sabulu, ta zauna ta saki jiki. Babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, ba a kan bakin nonon ba, can baya inda baƙin ya ƙare. A danna ciki wajen ƙirji, a matse, a saki, a sake, ana zagayawa. Ba ja, ba murza. Da farko ɗigo ne, har ƙanwata ta fara cewa ba ta da nono, sai ga shi yana tsartuwa. Minti uku zuwa biyar a wannan, a koma wancan, a sake dawowa, duka abin ya ɗauki kamar minti 20 zuwa 30.

Daga nan nas ta ce uwar ta fita waje. Jariri yana jin ƙamshin uwarsa, kuma muddin nono na kusa ba zai yarda da wani abu ba. Ta miƙa wa Hajiya yaron, a farke yake, bai ƙoshi ba kuma yunwa ba ta gigita shi ba. Aka naɗe hannuwansa da zane don kada ya ture kofin, aka zaunar da shi a cinya kansa a ɗage, tafin Hajiya na tallafe da ƙeyarsa, tsumma a ƙarƙashin haɓa. Nono bai wuce rabin kofin ba. Aka ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, aka karkata shi kaɗan har nonon ya taɓa leɓe, sai nas ta riƙe wuyan hannun Hajiya.

“Nan za ki tsaya, Hajiya. Kada ki zuba. Shi zai ɗauka da kansa.”

Yaron ya yamutsa fuska. Ya yi shiru. Sai ga ɗan harshensa ya leƙo ya lasa, kamar ɗan kyanwa. Ya sake lasa, ya kurɓa, ya tsaya ya yi numfashi, ya koma. Da yawa ya zube a tsumma. Ranar bai sha abin kirki ba, kuma nas ta ce ba a bukatar ya sha da yawa a ranar farko.

Duk bambancin kofi da ɗura yana cikin wannan tsayawar da hannu ya yi. Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san ɗura: a kwantar da yaro a cinya, a dunƙule tafi a bakinsa, a riƙa zuba koko ko bauri, gefen hannu na toshe hanci, yana buɗe baki don numfashi yana haɗiya. Iyayenmu sun yi ta ne don kada yaro ya kwana da yunwa, kuma da yawanmu mun tsira. Amma akwai waɗanda ba su tsira ba, domin abin da aka zuba wa mai kuka a kwance yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, ya shaƙe shi nan take ko ya zama ciwon haƙarƙari bayan kwanaki. A shan kofi yaro ne ke da iko. In ya rufe baki ya kau da kai, an gama. Ina ganin kuskure ne a je wa kakanni da faɗa da raini a kan ɗura. Su ne ke riƙe da yaran nan in iyaye sun fita, kuma hannun da ya iya ɗura ya riga ya iya riƙon yaro da tallafe ƙeya. Abu ɗaya ya rage a koya masa, ya jira.

Wannan ba dabarar talaka ba ce da aka ƙirƙira don rashin kuɗin fida. A kudancin Indiya tun kaka da kakanni suna da ɗan kofi mai baki kamar na fitilar mai, paladai, na shayar da jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna ba da shawarar kofi ga jaririn da bai iya kama nono ba, har da bakwaini. A Kumasi, a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, an gwada wani kofin roba mai laushi da ake kira Nifty a kan bakwaini, aka kwatanta shi da ɗan kofin magani, aka wallafa sakamakon a 2019. Amma a gida ba sai an nemi na musamman ba. Ɗan kofin auna maganin yara ya isa, ko ƙaramin kofin shayi marar kaifin baki. Yatsa na kaiwa ko'ina a cikinsa, sabulu da ruwan zafi sun wanke shi, ido kuma na ganin ya fita.

Tatsattsen nono ma ya fi madarar gwangwani juriya, don yana ɗauke da abubuwan da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. In an rufe shi a wuri mai inuwa yana kai kamar awa huɗu, kuma da zafin Akara gara kada a wuce haka. A firji yana kai kwana huɗu, in ba a ɗauke wuta ba. Wadda ba ta da firji za ta iya tsoma mazubin a kwanon ruwan sanyi. In ya zauna maiƙonsa kan taso sama, har wasu su ce ya lalace su zubar, alhali juya shi kawai za a yi a hankali. Ba a ɗora shi a wuta, ana dai tsoma kofin a ruwan ɗumi. Abin da yaro ya sha ya rage kuma ba a ajiye masa zuwa yamma.

Wadda duk da haka fida ta fi mata, tana da ruwa da wutar tafasawa, hanyar kusan ɗaya ce. A fara da wuri, bayan mako huɗu zuwa shida da shayarwa ta kankama, sau ɗaya a rana. Wani ya ba shi, ba uwar ba, ko da zanenta a kafaɗa don ƙamshi. A zaɓi roba mai ƙaramin huji, a ɗumama ta, a shafa masa a leɓe har ya buɗe baki da kansa, a riƙe kwalbar a kwance don kada ta kwararo masa. In ya fara kuka a tsaya, a sake gwadawa an jima. Kada a jingina masa ita da matashi a tafi aiki. In kuwa madarar gwangwani ce ta zama dole, saboda rashin uwa ko rashin lafiya, garin ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta: a tafasa ruwa, a dama tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce, a ba shi cikin awa biyu, kuma ita ma ana iya ba da ita a kofi.

Akwai yaron da zai ɗan kurɓa kawai da rana, ya jira uwarsa, ya rama da dare. In yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a yini, fitsarin ba ja ba, nauyinsa na hawa a katin awo, to lafiya lau. In fitsari ya ragu, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, ya yi laushi, wannan ba na jiƙo ba ne ko shafe-shafe a ka. Ruwan jikinsa ne ya ƙare, asibiti za a nufa a take, ko na Maamobi ko na Princess Marie Louise ko Korle Bu, duk wanda ya fi kusa.

Waɗanda doka ba ta gani

Komawa Agbogbloshie, a nan ne maganar ke yi mini nauyi. Ƙanwata tana da mako 12, da suruka, da ɗaki mai ƙofa. 'Yar kayaye ba ta da uban gida da zai ba ta hutu, ranar da ba ta ɗauki kaya ba ranar ba ta da na abinci, don haka wasu ko arba'in ba sa cikawa suke komawa kasuwa. Tun da aka rushe filin gwangwan aka kuma kwashe 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku a Yulin 2021, wurin ya sauya kama, amma dakon bai sauya ba, haka ma ƙura da hayaƙi da kwatar da ba ta gudu.

Akwai dattawan mata a unguwar da ke karɓar yara su riƙe a biya su da yamma. Yaron da ya kai wata shida ana barinsa da koko, wanda ya kamata ya yi kauri, a sa masa ƙuli ko garin wake ko dakakken kifi, irin haɗin hatsi da gyaɗa da wake da ma'aikatar lafiya ta daɗe tana koyarwa da sunan Weanimix. Ƙananan ne matsalar. Ko dai su wuni a baya ƙarƙashin tasa, ko a fara ba su koko da ruwan leda tun hanjinsu bai yi ƙwari ba, alhali nonon uwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, ya ishe su ko da zafin watan Maris. Wani lokaci wata mai goyon takan shayar da ɗan abokiyar ɗakinta. Musulunci ya san wannan tun zamanin Halimatus Sa'adiyya, ya kuma ɗora masa hukunci, don yaran sun zama 'yan'uwan shan nono, ba aure tsakaninsu, shi ya sa ya kamata dangi su sani. Ta fuskar lafiya kuma sai an tabbatar mai shayarwar ta yi gwajin ƙanjamau.

Abin da matan nan ke bukata bai kai kuɗin gwangwani ɗaya ba: mazubi mai murfi, ɗan kofi, sabulu, da wani lungu mai labule a kasuwa inda mace za ta zauna minti 20 ta tatsa ba idon maza a kanta. In ta tatsa da asuba ta bari, ta dawo da hantsi ta shayar ta sake tatsa, yaron ya tsallake awoyin da rana ta fi zafi ba a bayanta ba. Shugabannin kasuwa za su iya ware lungun. Magajiyoyin Zango, waɗanda ba a suna ko biki sai da su, za su iya kiran nas ta zauna da kakanni da masu rainon yara, ba da iyaye mata kaɗai ba. Limamai kuma da ke tuna mana cewa Alƙur'ani, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu na shayarwa, ayar nan dai ita ce ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, kuma wannan ɓangaren ma yana bukatar a ji shi a kan mumbari.

Ɗan ƙanwata sai a kwana na biyar ya shanye kofin farko. Ranar da ta koma aiki na leƙa gidan da hantsi. Hajiya na zaune a tabarma a bakin ƙofa, jikan a cinya, tana yi masa kirari da sunan marigayi mijinta, wanda aka mayar wa yaron. Ya kurɓa sau uku ya tsaya yana kallonta. Na ga wuyan hannunta ya motsa zai karkata kofin, irin motsin da ya saba yi shekara da shekaru, sai ta mayar da shi.

“To, Alhaji, huta,” in ji ta. “Ba inda za ni.”

Wata maƙwabciya mai tsohon ciki, da ke soya ƙosai a bakin titi, ta ajiye bokitinta ta tsuguna tana kallo. Hajiya ta ce mata ta matso kusa, ta ga inda ake ɗora bakin kofin.